Yatsine da Bencin 'Yan Fansho

Ƙanwata tana da suna mai daɗi, amma a gidanmu ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da shi. Yatsine muke ce mata. Mama ta ce ranar da aka haife ta, ta buɗe ido ta kalli nas, ta kalli rufin asibiti, sai ta tattare hanci kamar an sauke ta a unguwar da ba ta nema ba. Tun daga ranar fuskar ba ta gama sakewa ba.

Ita ce yarinyar da take wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. In ka sha ruwa a kofinta, ka gaje shi ke nan. Kalmar da ta fara iyawa bayan "Mama" ita ce "tir", kuma har yau ta fi kowace aiki a bakinta. Sai dai ƙyamar Yatsine ba irin ta gudu ba ce. In ta ga abin ƙazanta sai ta yatsine fuska, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa a kansa. Lokacin jinyar Mama, mu masu fara'a muna bakin ƙofa muna "sannu, sannu", ita ce take ciki da baho da tsumma, hanci a tattare, har ranar da Mama ta cika.

Ta sami aiki a wani banki da ke bakin babban titi, aka ba ta teburin sauraron koke. Duk wanda na'ura ta haɗiye wa kati, ko aka rubuta sunansa a karkace, gabanta yake zuwa. Daga teburin nan take kallon zauren bankin gaba ɗaya, kuma ba abin da ya yi mata: biron da aka ɗaure da zare kamar akuya, tulun ruwan sanyi mai kofi ɗaya tal, banɗakin da kullum takarda ke manne a ƙofarsa cewa ya lalace.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa ce wa tir ba. Wani dogon benci ne na katako mai majingina, a jikin taga, daidai inda esi yake huro sanyi. Ba wanda ya san wa ya kawo shi, ya riga duk ma'aikatan zuwa. Ƙafarsa ɗaya ta ɗan gaza, in an zauna sai ya yi gaisuwa. Nan 'yan fansho suke zama. Wai sun zo tambaya ko kuɗi ya shigo, alhali sun fi kowa sanin bai shigo ba. Akwai tsohon Hedimasta, mai gyara wa jarida rubutu da jan biro. Akwai tsohuwar Nas mai ciwon gwiwa, wadda take duba idon duk yaron da aka shigo da shi ko ba a tambaye ta ba. Da wasu 'yan tsirari. Suna da wata sana'a tasu: kowa ya shigo sai ya ciri takardar lambar layi ya riƙe, in mai ciki ta shigo ko wanda ya bar shago ba kowa, sai a miƙa masa lambar da ta kusa.

Bayan rasuwar Mama, Baba ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Ya daina aski, ya daina guga, shayi ya huce a gabansa har ya yi fata. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun kawo jikoki, duk a banza. Tsohon abokinsa Hedimasta ne ya zo wata safiya, ya tsaya a kansa ya ce, "Tashi ka raka ni banki, ni ba na zaman makoki da mai rai." Daga ranar Baba ya sami wurin zuwa. Kullum sai ya yi wanka, ya goge riga, ya ɗauki sanda.

"Baba, ina zuwa?"

"Banki. Ana jirana."

Kuma tun Yatsine tana teburin koke yake kiranta Manaja, da ƙarfi, don na bayan layi su ji.

Wataƙila kiran ne ya shige ta. Da bankin ya ce zai biya wa ma'aikata kuɗin kwas na ƙarshen mako a kan yadda ake tafiyar da banki, ita ta fara rubuta suna. A tunaninta za a koya mata yadda ake riƙe amanar mutane, da yadda ake gyara banɗaki ya zauna a gyare.

Malamin da ya fi yi musu lacca, ɗalibai suna kiransa Malam Riba, don duk inda zancensa ya zaga nan yake sauka. Mutum ne mai tsabta, mai murmushi, ba ya ɗaga murya. Ran farko ya tambaye su, "Wane ne ya fi cin kuɗin banki?"

Wani ya ce ɓarawo. Wata ta ce wanda ya ci bashi ya gudu.

"A'a," in ji Malam Riba. "Ɓarawo sau ɗaya yake zuwa. Tsoho mai lokaci, shi kullum ne. Kowane taku na daɓen banki haya ake biya masa, ana share shi, ana sanyaya shi. Wanda ya taka shi bai kawo komai ba, asara ce mai ƙafa biyu."

Aji ya yi dariya. Yatsine ta rubuta, don ba ta iya jin abu a aji ta ƙi rubutawa, sannan ta wuce shagona kai tsaye ta zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, bayan ta kakkaɓe ta.

"Yaya, ka san sunan Baba a littafinmu?"

"Baba har ya shiga littafi?"

"Asara mai ƙafa biyu."

Na ce to da sandarsa uku ne, a gyara lissafin. Ba ta yi dariya ba.

Kowane mako da abin da take dawowa da shi, tana riƙe da shi nesa da jiki kamar mataccen ɓera. Ashe banɗakin nan lafiyarsa ƙalau, takardar ce aikinta. Ashe layin masu ƙaramar ajiya da gangan ake ba shi sabon ma'aikaci mai nawa, don a gaji a koma amfani da waya. Ashe murmushin ma akwai na wanda ake so ya zauna, akwai na wanda ake so ya tashi, kuma an sa su sun gwada duka biyun a gaban madubi. Ta ce, "Yaya, na yi na biyun, malam ya ce ban taɓa buƙatar koyo ba." Abin haushin, ita ce ta ɗaya a ajin. In abu ya ba ta ƙyama ba ta iya barinsa sai ta ga gindinsa, saboda haka ta fi kowa karatu.

Da aka zo rubuta kundin kammalawa, manajan reshensu, wanda suke kira Oga, shi ya ba ta take: yadda za a rage daɗewar mutane a zauren banki. Na ɗauka za ta watsa masa a fuska. Sai ta karɓa, har da godiya. Ta ce min tana da dabara. Za ta tattaro duk wata hanyar da bankuna suke korar mutum ba tare da sun ce masa tafi ba, ta jera su babi huɗu, ba ta rage ko ɗaya ba. A babi na biyar kuma ta juyo ta ce musu tir, da hujja, da adadi, yadda ba mai iya musu.

Ni aka mayar abin gwaji. Duk ranar da ba ta da aiki sai ta janye ni daga kan keken ɗinki mu zaga bankunan gari.

"Me ya sa ni?"

"Kai ne mai bayan tsofaffi. Zauna a nan. In ya fara ciwo ka faɗa."

Na zauna a kan kujerar roba mai santsi. Na zauna a kan wata mai hannu a tsakiya don kada a kishingiɗa. A wani banki na zamani muka tarar da uwarsu duka: ƙarfe ce mai huji-huji, ba majingina, sanyi kamar an ciro ta daga firiji, kuma an ɗan karkata ta gaba yadda ido ba ya gani amma cinya tana ji. Kana zaune kana zamewa, ƙafafunka suna aikin birki. Ban daɗe ba na miƙe da kaina ina duba agogo, alhali ba inda za ni.

"Tir," in ji Yatsine, tana zana ta a takarda, har da awon karkatar.

Na karanta babi na biyar kafin ta miƙa. Wallahi takardar kamar za ta ƙona hannu. Ta sa Nas da gwiwarta a ciki, ta sa masu miƙa lambar layi, ta ce bankin da ya ci gumin mutum yana saurayi ba shi da bakin ƙirga masa sanyin esi da ya tsufa.

Malam Riba ya karanta ya kira ta ofis. Ya ce babi huɗun farko, tun da yake koyarwa bai ga irinsu ba. Sannan ya ɗaga na biyar da yatsu biyu.

"Wannan kuma wa'azi ne, Malama. Ilimi ba ya fushi. Ki cire, ko kuma mu haɗu baɗi."

Ta kwana biyu tana juya abin. Abokan karatunta suka ce mata, haba, wa yake karanta kundi? Kundi ai kantar laburare ake jefa shi, ƙura ta rufe shi, gara ta yi masa jarrabawa ta biyu. Kowane ɗalibi ya san wannan, kuma gaskiya ne kusan kullum. Ta zare babi na biyar, ta jefa a jaka, ta miƙa sauran. Abin da ta manta shi ne, tunda banki ya biya kuɗin karatu, kwafi ɗaya hedikwata ake aikawa. A can kuma aka yi rashin sa'a, aka sami wani mai karatu.

Bayan 'yan watanni mota ta tsaya a ƙofar banki aka sauke kujerun ƙarfe masu huji-huji, daidai awon da ta zana. Aka ja bencin katako aka jefar bayan gini kusa da janareta. Aka juya bakin esi ya koma kallon kantar ma'aikata. Oga kuwa, don ya nuna reshensa na da masu ilimi, ya tsaya tsakiyar zaure ya sanar cewa wannan tsari da za a yi a kowane reshe, daga binciken ma'aikaciyarsu ya fito. Ya nuna ta da hannu. Aka tafa.

Baba ya fi kowa tafi.

Na je da kaina na gani, don ban yarda da labari ba. Na tarar da su a jere a kan ƙarfe, kowa ya kafa sanda a gaba yana tokare kansa, kamar masu shirin tsere da aka hana tashi. Baba yana zamewa yana gyarawa, fuskarsa fal da haske.

"Hedimasta, ka ji aikin ilimi? 'Yata ce ta tsara. Ka ji yadda take miƙar da baya?"

"Na ji," in ji Hedimasta. "Tana miƙar da mutum har bakin titi."

"Kai dai ba ka son ci gaba."

"Ci gaba ai shi nake yi tun ɗazu. Ina zaune ina ta cin gaba, saura kaɗan in ci ƙasa."

Nas ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta ajiye lambar layinta a kan kujera, ta je har teburin koke ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yata." Ba da gatse ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Yatsine ciwo. Nas ba ta sake zuwa ba.

Tsarin ya yi aiki, don Yatsine ba ta aikin banza. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Hedimasta ya ce shi ya yi ritaya daga horo. Baba ne ya fi daɗewa, saboda kara. Ya zauna shi kaɗai a kan aikin 'yarsa, ya dawo gida ƙafa a kumbure, ya ce ai gishiri ne ya yi masa yawa. Daga baya ya ce yau akwai rana. Gobe ya ce rigar ba guga. Kafin wata ya ƙare gemu ya dawo, shayi ya koma yin fata.

Na shiga gidan wata yamma na tarar da Yatsine a tsakar gida tana wanke kofunan da ta riga ta wanke. Hancin nan a tattare fiye da kullum. Na leƙa ko wani abu ya mutu a magudana.

"Ba sai ka duba ba, Yaya," ta ce. "Ni ce. Warin kaina nake ji."

Daga ɗaki Baba ya ɗaga murya, a hankali, ba irin ta da ba: "Manaja ce ta zo?"

Ana haka aka ɗaga Oga zuwa hedikwata, ladan tsarin da ya ce shi ya gano mai shi. Aka aiko wa Yatsine takardar zama manajar reshen. Ta ce ba ta so, ta ce satifiket ɗin ma in na ga dama in yanka in yi gwajin wuyan riga da shi. Na ce to, amma in ta ƙi, wani ɗan ajinsu za a kawo, kuma na ji suna da darasi a kan kiɗan da ke sa mutum ya ƙosa.

Ta harare ni ta tafi. Sai ta yi abin da ta saba in abu ya dame ta: ta koma ta durƙusa a kansa. Ta kwaso littattafan kwas da na dokokin banki ta bi su layi-layi. A nan ta ga cewa zaure na hedikwata ne, su suke auna shi, su suke zaɓar ko kwandon shara. Amma kayan ofishin manaja, da baƙin da yake karɓa a ciki, an bar wa manaja. An rubuta haka ne don manaja ya sami damar lallashin masu kuɗi a kan kujerar fata, ba wanda ya yi tunanin sai an fayyace.

Ta karɓi muƙamin. Ranar farko ta sa aka fitar da doguwar kujerar fata aka kai ɗakin ajiya. Ta zaga bayan gini da takalmi mai tsini, ta tarar da benci ya sha hayaƙin janareta da kashin tsuntsaye. Masu shara suka ce su wanke, ta ce ba za su iya ba. Da ruwan zafi da burushi ta yi shi, tana tir tana gogewa, ma'aikata suna leƙe ta taga. Aka shigar da shi ofis, aka ajiye ƙarƙashin esi.

Ta san Baba ba zai zo don ita ta ce ba, sai ta je gidan Hedimasta ta gaya masa benci yana ofishinta. Ya bar ta a tsaye tukuna, kamar ɗalibar da ta makara.

"Na waje fa? Na ƙarfen?"

"Suna nan, Baba Hedimasta. Ba ni da ikon taɓa su. A kowane reshe ma suna nan."

"Wato kin ɓata gari kin gyara ɗaki."

"Haka ne."

Ya ajiye jan bironsa. "To, tunda ba ki yi musu ba. Ina sandata?"

Shi ya sake tsayawa a kan Baba. Baba ya ce ofishin manaja ba wurin hira ba ne, akwai mutunci. Hedimasta ya ce manaja ce ta kira taro, kuma wanda bai yi aski ba ba zai shiga ba. Baba ya nemi reza.

Yau shekaru ke nan. Bencin mutum huɗu yake ɗauka a ofis, biyar in an matsa, sauran sai su jira juna. Nas ba ta ga wannan ba, ɗanta ya ɗauke ta zuwa wani gari, can ta rasu. Manyan 'yan kasuwa in sun zo ganin manaja, ko su tsaya ko su raɓa tsakanin tsofaffi, Hedimasta yana gyara musu lafazi. Wani ya yi fushi ya kwashe ajiyarsa. Mai bincike daga hedikwata ya taɓa shigowa ya tarar da mutum uku suna gyangyaɗi a ƙarƙashin hoton shugaban banki. Ya buɗe littafin doka, ta nuna masa shafin, ya rufe. Bai iya hukunta ta ba, amma ya iya rubutu. 'Yan ajinsu duk sun wuce sama, wasu da direba. Ita tana nan, kuma ta san nan za ta yi ritaya.

Malam Riba har yanzu da kundinta yake koyarwa. An ce yana kiran sunanta da girmamawa.

Kwanan baya na kai mata ɗinki ofis. Na zauna a bencin, na ji bai yi gaisuwar da ya saba ba. Na sunkuya, sai ga takardu an ninke an cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Na gane rubutun.

"Babi na biyar ne wannan?"

"Nan ne kaɗai aka karɓe shi," ta ce, ba ta ɗago daga aikinta ba.

Lokacin ne Baba ya taɓa wani baƙo da ya shigo sa hannu, ya nuna masa zaure ta gilashi, inda wata tsohuwa take zamewa a kan ƙarfe tana tokarewa da lema.

"Ka ga kujerun can? Duk ƙasar nan irinsu ne. 'Yata ce ta tsara."

Yatsine ta ajiye biro. Hancin ya tattare har ido ya kusa rufewa. Ta miƙe ta buɗe ƙofa.

"Yaya, tashi, kai ba ka yi fansho ba. Je ka shigo min da Innar can."